Rububin Gurbi a Sararin Sama: Tarihin Gasar Tashoshin HD a Najeriya

Duk mai gidan kallon ƙwallo a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya san 'yan kallo ba sa yafe hoto mai hazo. In na maƙwabcinsa ya fi fitowa garau, can za su kai kuɗinsu. Wannan hoto garau da ake kira HD ya samu ne daga gasar da kamfanoni suka kwashe kusan shekara 20 suna yi, kuma abin da suke rububi a kai shi ne gurbi a jikin tauraron ɗan'adam.

Me ya sa gurbin yake da tsada?

Taurarin talabijin suna can kilomita 35,786 a sama, suna zagayawa daidai da juyawar duniya. Shi ya sa mai ɗaura dish yake saita shi sau ɗaya ya ɗaure. Kowane tauraro yana ɗauke da wasu na'urori ƙidayayyu da ke karɓar saƙo daga ƙasa su watso shi, ana ce musu turansfonda. Haya kamfanoni ke kamawa, kamar rumfa a kasuwa, sai dai da zarar an harba tauraro ba a ƙara masa rumfa.

To, tsohon hoto ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, jimilla 414,720. Cikakken HD kuwa 1,920 ne da 1,080, wato 2,073,600. Ninki biyar cif. Ke nan tashar HD guda tana cinye wurin tashoshi da dama.

Injiniyoyi sun rage matsalar da dabarun matse hoto. Tsarin MPEG-4 na 2003 ya rage nauyin hoto da kusan rabi in an kwatanta da MPEG-2, tsarin aikawa na DVB-S2 kuma ya ƙara wa turansfonda kusan kashi 30 cikin 100 na abin da yake ɗauka. Amma tsohuwar risiba ba ta jin wannan yaren. Dole mai kallo ya sayi sabuwa.

Yadda aka fafata

A Amurka aka fara ganin zafin gasar. A 2007 kamfanin DirecTV ya harba sabon tauraro ya yi alkawarin tashoshin HD 100, don ya tsere wa Dish Network. A Afirka, MultiChoice, wanda ya kafa DStv a 1995, ya fito da dikodarsa ta HD a Afirka ta Kudu a 2008, lokacin gasar Olamfik ta Beijin.

A Najeriya da ƙwallo aka buɗe fagen. HiTV na Toyin Subair ya fara aiki a 2007 ya karɓe haƙƙin nuna Firimiyar Ingila, gidajen kallo da yawa suka koma kansa. A 2010 haƙƙin ya koma hannun MultiChoice, a 2011 HiTV ya durƙushe. A gefe guda DStv yana ta ƙara rumfuna: tauraron Eutelsat W7 da aka harba a 2009, da Eutelsat 36C na 2015, duk a digiri 36 gabas, inda dish ɗin DStv na Najeriya ke fuskanta.

StarTimes na ƙasar Sin ya shigo a 2010 tare da NTA, ya ja talaka da sauƙin farashi da eriya, daga baya ya ƙara da dish. MultiChoice ya mayar da martani da GOtv a 2011. TSTV ya zo ranar 1 ga Oktoba 2017 da manyan alkawura, amma bai iya girgiza kasuwar ba.

Me ya iso karkara?

Eriya tana buƙatar turken watsa shirye-shirye a kusa, tauraro kuwa bai san birni ko ƙauye ba. Shi ya sa dish ne ya yi kaka-gida a kudancin Katsina, musamman na kyauta. Da Arewa24 ta fara a 2014, ba ta nemi kuɗin wata ba. Yawancin tashoshin Hausa na kyauta da suka yawaita, na wa'azi da na finafinai, da tsohon hoto suke fitowa, domin ƙaramin gurbi ya fi araha, kuma ya ishi ƙaramar talabijin mai aiki da sola ko janareta.

An ga amfanin hakan a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Waya ta yi shiru, intanet ta ɗauke, amma saƙon tauraro bai daina sauka ba, tunda bai bi ta turken waya ba. Wanda kuɗin watansa ya ƙare ya rasa hanyar sabuntawa cikin sauƙi, mai dish na kyauta kuwa ya ci gaba da kallon labarai.

Gasar ba ta ƙare ba. Tsarin HEVC na 2013 ya sake rage nauyin hoto, a 2025 kuma Canal+ na Faransa ya mallaki MultiChoice. Don haka in za ka sayi risiba, duba bayan kwalin ka ga ko tana karanta DVB-S2 da HEVC, kada ka sake sayen wata baɗi.