Tatar Sanusi ta Ndele da Jar Ganuwa ta Delhi: Abin da Ɗan Yawon Buɗe Ido Ya Kamata Ya Tambaya

1.0 Gabatarwa

A wata ziyara da na kai unguwar Kilomita Biyar a birnin Bangi na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, na ba wani dattijo Bahaushe ɗan kasuwa labarin Jar Ganuwa ta Delhi, wadda na taɓa zagayawa. Da na gama sai ya ce, "Malam, ai mu ma muna da tamu a Ndele, sai dai ba kowa ke son a yi zancenta ba." Wannan maƙala za ta kwatanta fadojin biyu, domin gano dalilin da ya sa ake alfahari da ɗaya, ake kuma kawar da kai daga ɗayar.

2.0 Jar Ganuwa

Sarkin daular Mugal, Shah Jahan, shi ya gina wannan fada da jan dutse, aka kammala ta a 1648. Bayan boren 1857 Turawan Ingila suka kori sarki na ƙarshe, Bahadur Shah Zafar, zuwa Rangun, suka rushe gine-gine masu yawa a ciki, suka mayar da wurin barikin soja. Duk da haka Indiya ta raya fadar. A nan Firayim Minista yake ɗaga tuta kowace ranar 15 ga Agusta, kuma a 2007 hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya.

3.0 Tatar Sanusi

Kalmar tata tana nufin mazaunin sarki da aka kewaye da ganuwa. Wadda ake magana a kai tana bisa tudu a garin Ndele, fiye da kilomita 600 arewa da Bangi. Mai ita shi ne Muhammadu Sanusi, Sarkin Darul Kuti, kuma kada ɗalibi ya rikita shi da Sarkin Kano Sanusi.

Da farko Darul Kuti tana ƙarƙashin Wadai ne. A 1890 Rabe, wanda daga baya ya ci Borno ya zauna a Dikwa, ya tuɓe Sarki Kobur ya naɗa Sanusi. A 1891 aka kashe Bafaranshe Paul Crampel a ƙasar, makamansa suka faɗa hannun mutanen Sanusi. Da rundunar Wadai ta ɓata tsohon babban birninsa a 1894, sai Sanusi ya nemi wuri mai wuyar hawa, ya kafa Ndele a 1896.

Garin ya bunƙasa, fatake daga arewa suka yi ta kawo bindigogi da yadi, suna komawa da hauren giwa da bayi. Bayin kuwa ana kamo su ne daga ƙabilun da ke kudu, musamman Banda, har yankuna da dama suka zama kufai. Masanin tarihi Dennis Cordell ya yi cikakken nazari a kan haka a littafinsa na 1985. Faransa ba ta jahilci wannan ciniki ba, amma ta ƙulla yarjejeniya da Sanusi a 1897 domin tana bukatarsa. Bayan ta kashe Rabe a Kusseri a 1900, ta kuma kama Abeshe a 1909, sai bukatar ta kau. A watan Janairu na 1911 sojojinta suka kashe shi a Ndele.

4.0 Dalilin Bambancin

A 2006 gwamnatin ƙasar ta miƙa wa UNESCO sunan Tata cikin jerin wuraren da take fatan a amince da su. Sai dai kango ɗaya ne, labari biyu. A wajen wasu, alama ce ta daular Musulunci da Turawa suka rusa. A wajen jikokin waɗanda aka kama kuwa, tabo ne da bai gama warkewa ba. Lokacin rikicin 2013 da 2014, an yi wa Musulmin ƙasar kuɗin goro, aka ɗauke su baƙi, har Kilomita Biyar ta zama mafakar waɗanda suka rage a Bangi. A watan Disamba na 2015 kuma madugun 'yan tawaye Nuruddin Adam ya ayyana ƙasa mai cin gashin kanta a arewa, wadda ake kira Logon ko Darul Kuti. Ke nan shirun da dattijon ya ambata yana da tushe.

5.0 Kammalawa

Jar Ganuwa ma da harajin manoma da gumin leburori aka gina ta, ko da yake mai ziyara ya fi ganin zane da marmara. Saboda haka duk ɗalibin da ya shiga tsohuwar fada, ko Gidan Rumfa ne a Kano ko gidan Rabe a Dikwa, ya tambayi wanda ya gina ta, ya kuma tambayi wanda ya ɗauko ƙasa da dutse. Ɓoye ɓangaren bayi ba zai kare Musulmin Kilomita Biyar ba. Abin da zai taimaka shi ne a faɗi tarihin duka, sannan a bambance laifin sarkin da ya mutu a 1911 da ɗan kasuwar da aka haifa a Bangi.