Kogin Jama'are: Daga Duwatsun Jos Zuwa Tafkin Chadi

Jama'a, ruwan ƙasar Bauchi yana tafiya mai nisa. Kogin Jama'are daga duwatsun Jos yake tasowa, ya ratsa ƙasar Katagum, ya haɗu da kogin Haɗeja wajen Gashuwa, su zama Komadugu Yobe. Kusa da gaɓarsa Birnin Gazargamu, fadar Barno, ya zauna har 1808. Can gaba ya bi iyakar Nijar, ya faɗa Tafkin Chadi.

Tun da aka datse rassan Haɗeja, Tiga a 1974, Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Nguru ta ragu. Shi ya sa da an ta da zancen dam ɗin Kafin Zaki, mutanen Yobe da Barno sai su ɗaga murya. Mu na sama mu tuna, ruwa amana ne, na ƙasa ma yana da haƙƙi.