Ƙarfe da Kaifi a Tarihin Maƙeran Kano

Tun kafin a kewaye Kano da ganuwa, a wajajen ƙarni na 7 na Miladiyya, akwai jama'a a gindin Dutsen Dala waɗanda sana'arsu ita ce haƙo tama da narka ta. Kuma ruwayar da aka gada ta nuna cewa Abagayawa, waɗanda ake jingina wa asalin ƙira a birnin, zuriyar wani maƙeri ne da ya taso daga Gaya yana neman tama. Da wannan ƙarfe aka ƙera fartanya da gatari da wuƙa shekaru aru-aru, har fatake suka fara ƙetaro Sahara da ruwan takobi na Turai. Wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa wajen 50,000 ake shigowa da su kowace shekara, galibinsu daga Solingen, sa'an nan a yi musu ƙota da kube a birni. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, tarkacen ƙarfe ya yi araha, narka tama ta yi ta ja da baya, har maƙera suka koma ga sifirin mota, wanda yake karɓar horon wuta ƙwarai, sai dai tsatsa ba ta raga masa.

To, ƙarfe ya sauya sau uku, amma ilmin wasa shi bai sauya ba, domin a hannu yake. Idan maƙeri ya gama da masaba da uwar maƙera, sai ya yayyafa wa dutsen wasa wuƙa ruwa, ya ɗora ruwan wuƙa a karkace, ya riƙa turawa yana jawowa. Kuma saboda hannun ɗan Adam ba ya tsayawa a kusurwa guda, a kowace turawa bayan wuƙar yakan ɗan ɗaga ya sauka, har bakin ya fito da ɗan doro irin na gatari. Hikimar wannan doro ita ce akwai ƙarfe a bayan kaifin da yake tallafe da shi, shi ya sa idan wuƙar mahauci ta ci karo da ƙashi ba ta saurin ɓarewa. Baƙin da wuta ta bari a jikinta kuwa, kamar fentin da masana'antu suke shafa wa wuƙaƙen yanzu, a baki kaɗai dutse yake cinye shi, don haka nan ne ake shafa wa mai bayan an wanke.

Shari'a ma ba ta bar al'amarin ga son ran mai wuƙa ba, domin hadisin Shaddadu bin Ausi da Muslim ya ruwaito ya yi umarni da kaifafa wuƙa a hutar da abin yanka, malaman fiƙihu kuma suka karhanta wasa ta a gaban dabbar. Wannan ne ya sa har yau, idan Babbar Salla ta ƙarato, ake yin layi wajen masu wasa wuƙa tun kafin ranar layya.