Wainar dankali ta Turawa: Karin kumallon da babu fulawa a cikinsa

Wafil wata irin waina ce ta Turawa da ake gasawa tsakanin faifan ƙarfe biyu masu zanen ramuka, wadda bisa al'ada ake yin ƙullunta da fulawa da madara da ƙwai da kuma sukari.

Sai dai tun daga shekarun 2010, wani sabon nau'inta ya samu karɓuwa a Amurka da Turai, wanda ba a sa masa fulawa ko sukari, illa dankali da ƙwai da gishiri da kayan yaji.

Dankalin da ake nufi a nan shi ne dankalin Hausa mai zaƙi, wanda a wasu yankunan ake kira kudaku ko lawur, ba dankalin Turawa ba.

Asalin wafil

Kalmar ta samo asali ne daga harshen mutanen Holand, kuma an shafe ɗaruruwan shekaru ana gasa wannan waina a yankin da a yau ya ƙunshi Holand da Beljiyam da arewacin Faransa.

A ƙarni na 17 ne 'yan Holand suka tsallaka da ita zuwa Amurka, inda suka kafa garin da daga baya ya zama birnin New York.

Ranar 24 ga watan Agustan 1869 wani Ba'amurke mai suna Cornelius Swartwout ya samu takardar mallakar fasahar wani kaskon wafil da ake ɗorawa a kan murhu, kuma har yanzu Amurkawa na tunawa da wannan rana a kowace shekara. Kasko mai aiki da lantarki ya biyo baya a farkon ƙarni na 20.

Wafil irin ta Beljiyam, mai kauri da zurfin ramuka, ta shahara a Amurka ne bayan baje kolin duniya da aka yi a New York a shekarar 1964.

A duk tsawon wannan lokaci, an fi sanin wafil a matsayin abin zaƙi, da ake zuba wa man shanu da zuma ko ruwan sukari.

Me ya sa aka cire fulawa?

Dalili na farko shi ne rashin lafiya. Alkama na ɗauke da wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutin, wanda ke lalata bangon hanjin masu cutar siliyak. An ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin 100 a duniya na fama da cutar, kuma maganinta kawai shi ne ƙaurace wa alkama da sha'ir da dangoginsu har abada.

A shekarar 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da ƙa'idar da kamfani zai cika kafin ya rubuta cewa babu gulutin a cikin kayansa, abin da ke nuna irin girman da kasuwar ta yi.

Dalili na biyu shi ne yayi. Littafin da Loren Cordain ya wallafa a 2002 ya yaɗa tsarin cin abinci irin na mutanen farko, wanda ya hana hatsi da sukari amma da yawan mabiyansa suka rungumi dankali.

To amma maye gurbin alkama da dankali ba sabon abu ba ne a Amurka. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da alkama ta yi ƙaranci, masanin aikin gona baƙar fata George Washington Carver na cibiyar Tuskegee a jihar Alabama ya nuna wa hukumomi yadda za a yi burodi da garin dankali.

Yadda ake haɗa ta

Don ciyar da mutum biyu zuwa uku, ana buƙatar dankali rabin kilo, wato matsakaita guda biyu, da ƙwai biyu, da lawashi ko ƙaramar albasa, da gishiri rabin ƙaramin cokali, da masoro ko attarugu, sai kuma mai babban cokali ɗaya ko biyu.

Da farko za a fere dankalin a wanke, sannan a goge shi ɗanye a magogi irin na kuɓewa.

Daga nan sai a barbaɗa masa gishiri, a bar shi kamar minti goma, a zuba a ƙyalle mai tsabta a matse da ƙarfi har ruwan ya tsane.

Wannan mataki shi ne ginshiƙin aikin. A wafil ta fulawa, gulutin ne ke riƙe ƙullu. Idan babu shi, ƙwai da sitacin dankalin ne kaɗai za su ɗaure wainar, kuma idan ruwa ya yi yawa ba za su iya ba. A maimakon ta gasu, sai tururi ya dafa ta, ta yi laushi ta wargaje.

Bayan an matse, sai a fasa ƙwan a kaɗa, a haɗa da dankalin da albasa da kayan yaji, a cakuɗa har sai ƙwan ya ratsa ko'ina. Haɗin ba ya zama ruwa-ruwa kamar ƙullun masa. Da cokali ake ɗibarsa a shimfiɗa.

Ana barin kaskon ya yi zafi tukuna, a shafe shi da mai sama da ƙasa, a zuba haɗin a danne da murfi.

Gashin kan ɗauki kimanin minti takwas zuwa goma, wato ya fi na wafil ɗin fulawa daɗewa. Alamar nuna ita ce raguwar tururin da ke fita ta gefen kaskon. Wanda ya yi gaggawar buɗewa zai tarar wainar ta rabe biyu, rabi a sama rabi a ƙasa.

Wuta kuma matsakaiciya ake so. Zafi na mayar da wani ɓangare na sitacin dankali ya zama sukari, sukari kuwa na saurin ƙonewa, don haka wuta mai ƙarfi kan baƙanta waje alhali ciki bai nuna ba.

Akwai masu dafa dankalin su marmasa shi kafin su haɗa da ƙwai. Irin wannan ta fi taushi, amma ba ta yin ƙayau-ƙayau kamar ta gogaggen dankali.

Wanda ba shi da kaskon wafil zai iya amfani da kaskon suya ko tandar masa. Ɗanɗanon ba zai canza ba, sai dai ramukan ne ke ƙara faɗin wurin da ke taɓa ƙarfe, shi ya sa wadda aka gasa a kaskon wafil ta fi soyuwa.

A Amurka an fi cin ta da soyayyen ƙwai da fiya da cuku. Girke-girken can da dama na ɗora mata naman alade, amma wannan ƙari ne kawai, kuma kifi ko naman sa ko miyar tumatir na maye gurbinsa.

Amfaninta ga jiki

Giram 100 na ɗanyen dankali na ɗauke da kalori kusan 86, mafi yawa daga sitaci, kuma sinadarin gina jiki da ke cikinsa bai kai giram biyu ba. Ƙwan da aka sa shi ne ke cike wannan giɓi.

Babban amfanin ya dogara ne da launin dankalin. Wanda Amurkawa suka fi ci, wanda jihar North Carolina ke kan gaba wajen nomansa, cikinsa launin ruwan lemo ne, kuma yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Farin dankali da aka fi sani a kasuwannin Afirka ta Yamma kusan ba shi da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙarancin bitamin A a matsayin babban abin da ke haddasa makantar da za a iya kauce wa a tsakanin yara, wadda takan fara da dundumi.

Cibiyar Binciken Dankali ta Duniya da ke birnin Lima na ƙasar Peru ta ce giram 125 na dankali mai launin lemo ya ishi ƙaramin yaro bitamin A na yini guda. Jiki ya fi tsotsar sinadarin idan an haɗa shi da maiƙo, wanda ƙwai da man suya ke samarwa.

A shekarar 2016 masana uku na cibiyar, Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low, tare da Howarth Bouis, suka samu Lambar Yabo ta Abinci ta Duniya saboda aikin inganta amfanin gona irin wannan.

Sai dai rashin fulawa ba ya nufin rashin sitaci. Gasasshen dankali ya fi dafaffe saurin ɗaga sukarin jini, don haka ya kamata masu ciwon sukari su kula da yawan abin da suke ci, su kuma nemi shawarar likita.

Ina matsayin Najeriya?

Daga nahiyar Amurka dankali ya samo asali, kuma 'yan Portugal ne suka kawo shi Afirka a ƙarni na 16. China ce ta fi kowace ƙasa nomansa, yayin da Najeriya da Malawi da Tanzaniya ke sahun gaba a Afirka.

Cibiyar binciken doya da rogo da dangoginsu da ke Umudike a jihar Abiya ta fitar da irin dankali mai launin lemo ga manoman Najeriya a 2012 da 2013.

A ɗaya ɓangaren kuma, Najeriya na shigo da mafi yawan alkamar da take amfani da ita daga waje, abin da ya sa farashin fulawa da burodi ya tashi bayan ɓarkewar yaƙin Ukraine a 2022, da kuma faɗuwar darajar naira a 2023.

Soyayyen dankali da ƙwai dai daɗaɗɗen karin kumallo ne a gidajen Hausawa. Bambancin kawai shi ne a nan ana haɗa su wuri guda kafin a ɗora a wuta, kuma man da ake buƙata bai wuce na shafe kasko ba.