Wasan Langa da Labarin da Ke Bayansa

Tun kafin PUBG Mobile ya shigo wayoyi a 2018, yaran Kanwuri da Marina a Sakkwato suna da nasu fagen daga, wato langa. Kowa ya riƙe ƙafa ɗaya ta baya, yana tsalle da ɗayar, ana bangazar juna; wanda ya saki ƙafarsa ya fita. Mutum guda, wanda ake kira ruwa, shi 'yan ɓangarensa ke karewa har ya kai gida.

Me ya sa duka za su tsaya wa mutum ɗaya? Amsar da aka saba ji ita ce kwaikwayon yaƙi ne, dakaru na tsare sarkinsu. A Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, wannan fassara ta zauna daram.

Masu wasan bidiyo ma haka suke, suna neman dalilin da wanda aka kashe ke tashi a sake gwabzawa. Wasan Halo 4 na 2012 ya ce faɗan atisaye ne a jirgin Infinity.

Yau langa na cikin Gasar Wasanni ta Ƙasa, kashi uku: ruwa, tureshi da kawoshi.