Gene Wolfe: injiniyan da ya bar masana'anta ya zama babban marubucin labarin kimiyya

Gene Wolfe (1931–2019) injiniya ne kuma marubuci ɗan ƙasar Amurka. Ya yi suna a fannin ƙagaggen labarin kimiyya, wato abin da masu karatun Faransanci suka sani da sunan science-fiction. Kafin littattafansa su iya ciyar da shi, ya shafe kusan shekaru 30 yana cin abinci da aikin injuna.

An haife shi ranar 7 ga Mayu 1931 a Brooklyn ta birnin New York, amma ya tashi a Houston, jihar Texas. Ya yi fama da cutar shan inna yana yaro. Ya shiga jami'ar Texas A&M, ya fita bai kammala ba, sai aka ɗauke shi soja aka tura shi yaƙin Koriya. Da ya dawo, ya koma karatu a jami'ar Houston da tallafin da gwamnati ke bai wa tsofaffin sojoji, ya sami digirin injiniyan kanikanci. A 1956 ya auri Rosemary, ya kuma kama aiki a kamfanin Procter & Gamble.

A can ne ya yi aikin da har yau ake yawan tunawa da shi. Duk wanda ya taɓa buɗe doguwar kwalin Pringles ya ga yadda soyayyen dankalin ke jere, kowane lanƙwashe kamar sirdin doki. Ba yanka dankali ake yi ba. Ƙullu ne ake murzawa a fitar da shi siffa ɗaya, sannan a soya. Wolfe na cikin waɗanda suka ƙera injin, kuma ɓangaren suyar shi ne nasa. Daga 1972 zuwa 1984 ya koma edita a mujallar Plant Engineering, wadda ke magana da masu kula da injunan masana'antu.

Rubutun labari kuwa da sassafe yake yinsa, kafin ya tafi aiki, ga iyali mai ƴaƴa huɗu. Labarinsa na farko da aka saya ya fito a 1965. Littafinsa na farko, Operation Ares (1970), an datse masa babban ɓangare kafin a buga shi, kuma bai yi tasiri ba.

Wanda ya fito da shi shi ne na 1972, da aka fassara da Faransanci da sunan La Cinquième Tête de Cerbère. Labarin yana faruwa ne a duniyoyi biyu, Sainte-Anne da Sainte-Croix, waɗanda Faransawa suka fara yi wa mulkin mallaka. Tambayar da ke cikinsa mai nauyi ce: shin baƙin ne suka shafe mutanen asali, ko kuwa mutanen asalin ne suka rikiɗe suka kwaikwayi baƙin har suka manta ko su wane ne? Mai karatu a ƙasar da Faransa ta mulka ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan.

Babban aikinsa shi ne The Book of the New Sun, littattafai huɗu da suka fito tsakanin 1980 da 1983. Jarumin, Severian, almajiri ne a ƙungiyar masu azabtar da fursunoni, a wani zamani mai nisa da rana ke dusashewa. An kore shi saboda ya tausaya wa wata fursuna. Yana iƙirarin ba ya manta komai, amma mai karatu ya kan kama shi yana saɓa wa kansa. Hannun injiniya a bayyane yake: hasumiyar da Severian ya girma a ciki tsohon kumbon sama jannati ne, sai dai shi bai san haka ba, kuma marubucin ba ya faɗa kai tsaye. Wannan salo ya sa wasu ke ajiye littafin tun a shafukan farko. Na biyu ya ci kyautar Nebula, na huɗu kuma ya sami Prix Apollo a Faransa a 1985.

A 1984 ya ajiye aikin mujalla ya rungumi rubutu kaɗai. Ƙungiyar marubutan labarin kimiyya ta Amurka ta ba shi lambar girmamawa mafi girma a 2013, shekarar da matarsa ta rasu. Shi ma ya rasu ranar 14 ga Afrilu 2019 a Peoria, jihar Illinois, yana da shekaru 87.