Wanda Ya Dawo Daga Hannun Masu Garkuwa Yana Firgita: Aljanu Ne Ko Rashin Lafiya?

Tambaya:

Malam, daga Kurfi nake. An sace ƙanena a hanyar Dutsin-Ma, ya dawo wata uku ke nan. Ba ya barci, da ya ji ƙarar babur sai ya ruga ɗaki, ya daina zuwa gona. Wasu sun ce aljanun daji ne suka shafe shi, wasu sun ce raunin tawakkali ne. Me ya kamata mu yi?

Amsa:

Allah Ya ba shi lafiya, Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba.

Ka sani, ɗan'uwa, abin da ka siffanta sanannen ciwo ne a wurin likitocin ƙwaƙwalwa, yana kama wanda ya ga mutuwa ido da ido. Alamominsa su ne: abin da ya faru ya riƙa dawo masa a mafarki ko a farke, ya riƙa gudun wurin da ke tuna masa, ya zama kullum cikin ɗar-ɗar, ga saurin fushi da ƙaurace wa mutane. A makonnin farko kusan kowa yakan ji haka, kuma da yawa yakan lafa musu. Idan ya wuce wata guda yana hana mutum sana'arsa, to ya zama ciwon da ke buƙatar magani. Ƙaninka ba shi kaɗai ba ne, domin Kurfi da Dutsin-Ma suna cikin ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina da aka katse wa layukan waya a 2021 saboda hare-hare, kuma gidaje da yawa suna da irinsa.

Game da tawakkali: tsoro da baƙin ciki ba sa nuna raunin imani. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta. Malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya yi rubutu a kan firgici da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani kamar na jiki. Ce wa mara lafiya imaninsa ne ya yi rauni ƙara masa ciwo ne.

Game da ruƙya: ta halatta da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata, kuma ba ta hana zuwa asibiti, domin Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da neman magani. Amma yanke hukuncin cewa aljani ne ba tare da hujja ba kuskure ne. Duka, ɗauri da mari, ko turara masa hayaƙi mai shaƙewa, duk zalunci ne. Ka tuna mutumin nan daga ɗauri ya fito, sake ɗaure shi mayar da shi daji ne. A watan Oktoba 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutane daga irin waɗannan gidajen mari a Daura da Katsina. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kare mutuncin masu wannan lalura.

Abin da za ku yi:

1. Ku kai shi babban asibiti mafi kusa, ku faɗa wa likita komai, ku nemi a tura ku ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Dawanau ta Kano da Kware ta Sakkwato. Babban maganin wannan ciwo zama ne da ƙwararre ana tattaunawa a kai a kai, wani lokaci a haɗa da ƙwaya.

2. Ku tambayi jami'in walwalar marasa lafiya na asibitin. Aikinsa duba abin da ke kewaye da ciwon: kuɗin magani, halin iyali, da yadda mutum zai koma sana'a.

3. Kada ku sa shi maimaita labarin ga duk mai zuwa jaje. In ya so magana ku saurara, in ya yi shiru ku ƙyale shi.

4. Kada a yi masa gori da kuɗin fansa. Da yawa abin da ke cin su shi ne gona ko shanun da aka sayar dominsu. Wanda bashin fansa ya yi wa katutu yana cikin masu bashin da zakka ta halatta gare su.

5. Ku mayar da shi harkokinsa sannu a hankali: sallar jam'i a masallacin unguwa, sannan kasuwa, sannan gona tare da rakiya.

6. Ku sa ido kan tramadol da maganin barci na kemis, domin nan ne shaye-shaye yakan fara.

Idan mace ce ta dawo, a gaggauta kai ta asibiti, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 yake aiki. Abin da aka tilasta ta a kai ba ta da zunubinsa, kuma yaɗa zancenta haramun ne.

Idan ka ji yana cewa gara ya mutu, kada ka ɗauka wasa ne. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin feshi, igiya da makami, a kai shi asibiti a ranar.

Da yawa daga masu wannan ciwo suna samun sauƙi su koma rayuwarsu idan sun sami magani da dangi masu haƙuri, kuma jinyar da kake yi masa sada zumunci ce mai lada.

Wallahu a'alam.